Wai tauraro ya fi manomi sanin gonarsa?

Ɗan Kadawa: Salamu alaikum jama'a. Raina a ɓace yake. Jiya a taron ƙungiyarmu ta masu noman rani na ce tauraron ɗan'adam yana iya gano shukar da ta rage haɗa abinci tun ganyenta bai yi rawaya ba, sai aka fashe mini da dariya. Lafiyayyen ganye yana shanye jan haske ya yi aiki da shi, ya mayar da wani hasken da idonmu ba ya gani. Bambancin biyun nan ake aunawa, shi ake kira NDVI. Tauraron Sentinel-2 na Turai yana zagayowa kan gona duk kwana 5, hotunansa kuma kyauta ne. Jahilci ne kawai ke hana mu cin moriyarsa.

Dattijon Kura: Wa alaikumus salam. Ɗana, su wa ke nan jahilan? Mu da muke noma a nan tun ruwan Tiga bai iso ba?

Ɗan Kadawa: Baba, ban kira sunan kowa ba.

Dattijon Kura: Su wa suka yi dariyar? Ba sa'annin mahaifinka ba ne?

Malamar Samaru: Ku yi haƙuri Baba. Ƙanena, akwai gyara a maganarka. NDVI yawan koren ganye yake nunawa, ba aikin da ganyen ke yi a wannan lokacin ba. Idan masara ta ji ƙishi, sai ta rufe 'yan ƙofofin da ke jikin ganyenta don kada ruwa ya tsere. Da sun rufu iskar da take haɗa abinci da ita ta daina shiga, aiki ya ragu, amma ganyen yana nan kore shar na kwanaki. Abin da ya fi kusa da zancenka wani awo ne dabam: sinadarin da ke sa ganye kore yana sakin ɗan kaɗan daga hasken da ya sha, kamar kashi 1 zuwa 2 cikin 100, a matsayin wani ja-jan ƙyalli mai rauni ƙwarai. Shi na'urorin tauraro irin su OCO-2 da TROPOMI ke kamawa. Da irin wannan awon aka nuna a 2014 cewa a watan Yuli gonakin masarar Amurka suna zarce dajin Amazon wajen haɗa abinci. Sai dai kowane ɗigo a taswirarsu fili ne na kilomitoci, ba gonar mutum ɗaya ba.

Mai Tumatir: Hajiya duk mun ji. Shi dai ya janye kalmar nan tukuna. Wanda bai taɓa kwana yana ban-ruwa ba zai ce wa wani jahili?

Injiniya: To ƙarya ya yi? Rashin sanin abu ai shi ne jahilcinsa. Ba zagi ba ne.

Mai Tumatir: Je ka faɗa wa kawunka haka ka ji ko zagi ne.

Na Maraɗi: Ni mamaki ma kuke ba ni. Cibiyar AGRHYMET tana Yamai tun 1974, ta daɗe tana bin damina da yanayin ciyawar makiyaya da hotunan tauraro. Ku sai yanzu kuke musu.

Injiniya: Malam dakata. Mu tun 2003 muka mallaki namu, NigeriaSat-1. Ku ina naku?

Na Maraɗi: Naku ɗin buhu nawa ya ƙara wa manomin Bunkure?

Malamar Samaru: Don Allah a dawo kan shuka. Da damina gajimare yana rufe hoton, a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Ɗigon Sentinel-2 mita 10 ne, mu kuwa gero da wake a kunya ɗaya suke, ga gawo a tsakiyar gona. Ciyawa ma kore ce, tauraro zai iya lissafa ta da amfanin gona. Shi ya sa ya fi amfani a noman rani, inda sama take garau kuma shukar iri ɗaya ce.

Mai Tumatir: Kun ji ko! Malama da kanta ta ce ba ya aiki.

Malamar Samaru: Ban faɗi haka ba, Alhaji.

Ɗan Kadawa: Ai dama 'yan cibiyar binciken noma ta Samaru ba sa son a ce wani ya riga su kawo abu.

Mai Taki: Ko ya gano shuka na jin yunwa, shi zai sayo maka yuriya?

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta: masana sun tabbatar tauraro ba ya bambance ciyawa da gero, don haka idon manomi ne abin dogaro. Ɗan Kadawa ya ba Baba haƙuri a gaban kowa. Batun Nijeriya da Nijar kuma a bar shi.

Ɗan Kadawa: Baba a yi haƙuri da kalmar. Amma ranka ya daɗe, taƙaitawar nan ta tsallake inda Malama ta ce yana amfani a noman rani, mu kuma noman rani muke yi.

Injiniya: Ni har yanzu ban ga zagi a ciki ba.