Fayif ɗin boila yana hujewa a gwiwa, wa ya taɓa gani?

Mai gyara a injin shinkafa:
Salam 'yan uwa. Boilarmu, wato tukunyar da ke dafa ruwa ya zama tururi, buntu muke ƙona mata, to sau uku kenan fayif yana hujewa kuma kullum a gwiwa ne, gefen da hayaƙi ke bugowa, bayan fayif ɗin kuwa garau. Oga ya dage wai tsatsa ce, ni kuma na shafa wajen sumul yake kamar an goge da sanfefa. Wanda ya taɓa gani ya taimaka.

Maƙeri:
Wa alaikumus salam. Yaro ai mu kullum muna gani. Ƙarfe in ya yi ja a wuta baƙin ɓawo yake yi, ka ɗora a uwar maƙera ka buga masaba ya zube, ka mayar wuta ya sake wani. Lauje ɗaya in ka cika mayar da shi wuta sai ka ga ya rame a hannunka.

Injiniya:
Baba ya gama magana wallahi. Wannan ɓawon iskar oksijin ce ta haɗu da ƙarfe saboda zafi, kuma shi kansa garkuwa ne, yana kauri cin yana raguwa. Matsalar tokar buntu kusan duk silika ce, wajen kashi 90, yashi kenan fanka ke watsa wa fayif, tana kankare ɓawon sabon ƙarfe ya fito fili ya sake ƙonewa da saurin farko, a sake kankarewa, haka dai ba hutu. Kai da oganka duk kuna da gaskiya, rabi-rabi. Na taɓa aiki inda aka ƙara gudun fanka don wuta ta ci sosai, ba a rufa shekara ba fayif ya tafi, don in ka ninka gudun toka cin ya fi ninki huɗu.

Mai walda:
Ni faci na dinga yi da baƙin ƙarfe ina cin kuɗin mutane, Allah ya yafe. Daga baya na koma lanƙwasa farantin sitenles mai lamba 310 ina rufa wa gwiwar, kuromiyam ɗinsa, sinadarin da ke hana shi tsatsa, kashi 25 ne, ɓawonsa siriri kuma yana kama jiki. Shi ma yana cinyewa fa, amma shi za ka canza ba fayif ba.

Mai gyara a injin shinkafa:
Na gode. Malam mai walda faranti mai kaurin milimita nawa kake sawa?