An sallame ni da baki bayan shekara 6, ina da haƙƙi?

Ɗan Sharaɗa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara 6 ke nan ina aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa, ni ke kan injin bokiti. Ranar Litinin na zo da sassafe, mai gadi ya tare ni a ƙofa, kansa a sunkuye, ya ce an ce kada in shiga. Ko takalmin aikina ban ɗauko ba. Ba takarda, ba albashin wannan wata, ba wanda ya gaya mini laifina. Tun farko ma ba su ba ni takardar ɗaukar aiki ba, katin shaida ne kawai da alat na banki duk ƙarshen wata. 'Ya'yana huɗu. Akwai abin yi, ko in bar wa Allah?

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya musanya da mafi alheri. Kada ka zauna. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta musu ba ka takarda cikin wata 3 da fara aiki, don haka rashinta laifinsu ne. Sashe na 11 kuma ya ce wanda ya kai shekara 5 sai an ba shi notis na wata ɗaya a rubuce, ko a biya shi kuɗin watan, sai fa in wani babban laifi ya aikata. Je banki yau ka ciro sitatimen na shekarun nan duka, ka adana katin nan kamar ranka. Su ne shaidarka a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma tana da reshe a nan Kano.

Maman Sadik:
Mijina ya ga irin wannan. Kafin kotu ka fara kai ƙara ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, su kira masu kamfanin a zauna. Sannan ka duba asusun fanshonka. Dokar Fansho ta 2014 ta ce a cire maka kashi 8 cikin 100 na albashinka, kamfanin ya ƙara kashi 10. Mu sai da aka sallame shi muka gano ana cirewa ba a zubawa, na yi kuka ranar.

Ɗan Sharaɗa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Katin yana aljihuna yanzu haka. Gobe in sha Allahu banki zan fara zuwa. Hajiya, fanshon nan ban taɓa dubawa ba, wajen wa ake tambaya?