Na yanke bidiyo, hoto ya bar sauti a baya

Assalamu alaikum jama'a, a taimaka mini. Bidiyon kamun ƙanwata nake haɗawa a manhajar CapCut, nan Argungu aka yi bikin. Na raba sauti da hoto don in rage ƙarar janareta, sannan na yanke daƙiƙa 12 inda wani yaro ya tsaya gaban kyamara yana lasar alawa. Tun daga wurin murya ta daina tafiya tare da baki: Gwaggo ta gama guɗa ta rufe baki, can sai a ji guɗar. Na ja layin sautin da yatsa, sai farkon ma ya goce. Ya ake yanke su biyun lokaci ɗaya? Jibi amarya take jira in tura mata.