Kujerar Dogara ita ce kujerar Tafawa Ɓalewa?

Ɗan Dass: Salamu alaikum. Ni dai na tsaya a kan maganata ta jiya. Kujerar da Yakubu Dogara ya zauna a kai daga 2007, har ya zama Kakakin Majalisar Wakilai a 2015, ita ce kujerar marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa. Gado ne ya dawo gida.

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, gari ɗaya ne, amma mazaɓar ba ɗaya ba ce. Wadda Ɓalewa ya wakilta sunanta Bauchi ta Kudu maso Yamma. An shata ta ne lokacin da Bauchi take lardi a Jihar Arewa, Gombe ma tana cikinta. A zaɓen 1959 kujerun majalisar tarayya 312 ne, Arewa ta samu 174. Juyin mulkin Janairun 1966 da aka kashe shi a ciki ya rushe majalisar, mazaɓar ta tafi tare da ita.

Ɗan Dass: To Malam, ai mutanen ba su tafi ko'ina ba. Jikokin waɗanda suka zaɓe shi su ne masu zaɓe yau.

Hajiya daga Bauchi: Ɗana, wannan gaskiya ce, kuma ina jin daɗin yadda kake kishin yankin. Sai dai ka duba sau nawa aka sake yanka ƙasar nan. An ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976. A 1979 kujeru suka koma 449, dole aka sake shata iyakoki. A 1996 Gombe ta fita ta zama jiha, Bogoro kuma ta fita daga Tafawa Ɓalewa ta zama ƙaramar hukuma. Mazaɓar yau ƙananan hukumomi uku aka haɗa: Bogoro da Dass da Tafawa Ɓalewa. A zamanin Ɓalewa ba da ƙananan hukumomi ake aunawa ba, gundumomin En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta wancan lokaci, ake bi.

Ɗan Dass: Hajiya, na yarda da zancen iyaka. Amma garinsa na haihuwa yana cikin mazaɓarmu, sunansa ma yana jikinta.

Malamin Tarihi: Sunan gari ne yake jikinta, shi ma daga garin ya samo sunan. Akwai kuma bambancin da ya fi iyaka nauyi. A tsarin firaminista, sai da Ɓalewa ya ci kujerarsa a gida kafin ya iya jagorantar gwamnati, don haka ƙuri'ar manomin can ta taɓa shugabancin ƙasa kai tsaye. Yau shugaban ƙasa zaɓensa daban, ɗan majalisa zaɓensa daban.

Hajiya daga Bauchi: Abin da ya fi damuna shi ne wanda muke ciki yanzu. Kujeru 360 ne tun 1999, Bauchi tana da 12, Gombe 6. Sashe na 73 na kundin tsarin mulki ya ɗora wa INEC sake duba iyakokin mazaɓu lokaci zuwa lokaci, amma har yau muna kan taswirar zamanin soja, alhali jama'a ta ƙaru matuƙa.

Ɗan Dass: To idan aka zo sake shatawa aka raba Dass da Tafawa Ɓalewa fa, Malam?

Malamin Tarihi: Yana iya faruwa, tunda yawan jama'a ne ma'auni. Abin da doka ta hana shi ne mazaɓa ɗaya ta ratsa jihohi biyu.

Ɗan Dass: In haka ne, ranar da INEC ta buɗe wannan zance, da ni za a je zauren.