Sunan Bahaushe a bakin Balarabe: shawarwarin mazauna Saudiyya

Waɗanda suka daɗe a Jidda da Makka bakinsu ya zo ɗaya: tuntuɓen harshe ba shi ne abin tsoro ba, rubutu ne. Larabci ba shi da ɓ, ɗ, ƙ, c ko ts, fasfon Najeriya kuma ba ya sa lanƙwasa. Harafin "g" ya fi ba da wahala: Gwarzo na iya fitowa da ق a hannun wani ma'aikaci, wani ya sa غ ko ج, sai mutum ɗaya ya tashi da suna uku.

Don haka tun kafin a buga iƙama, wato katin izinin zama a Saudiyya, ka zaɓi rubutun Larabci guda ɗaya, ka rubuta da hannunka ka miƙa wa kafilinka, wato wanda ya tsaya maka ko ya ɗauke ka aiki. Ranar da katin ya fito, gwada shi da fasfo harafi bayan harafi. In akwai kuskure, a nemi gyara a Jawazat, hukumar fasfo da shige da fice ta Saudiyya, nan take, kafin buɗe asusun banki, domin banki da layin waya da asibiti duk daga iƙama suke kwafa. Harafi ɗaya kan sa a riƙe kuɗin da ka aika gida.

A asibiti, ka fara ba da lambar iƙama mai lamba 10, ka kuma kasa kunne, don yadda za a kira sunan ba lalle ka gane shi ba.

Wajen mu'amala, da yawa sun zaɓi alkunya, "Abu wane", wadda Larabawa ke ɗauka girmamawa. An ɗan saɓa kan laƙabin "Hausawi", wato Bahaushe da Larabci, da wasu ke ƙarawa a ƙarshen sunansu. Masu ƙin sa sun ce yana shafe sunan gidan uba, kuma bai halatta a sa shi a takarda ba in babu shi a fasfo.