Yadda za a isar wa yaran birni labarin ƙuruciyar ƙauye

A wata hira da waɗanda suka tashi a ƙananan garuruwa suka yi, shawarar da ta fi samun goyon baya ita ce a fara da tsofaffi tun suna raye. A je wurin kaka da waya, a naɗi muryarta tana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ko tana rera waƙar daka da ta gaɗa. Wani dattijo ya ce kada a tambaye ta yadda rayuwa take a da, don amsar ba za ta wuce "sai godiya" ba. A tambaye ta wa ya haƙa rijiyar unguwa, da me aka ci a farin 1973 da hatsi ya ƙare. Nan take za ta saki baki.

Batun kai yara gida ya jawo gardama. Wasu sun ce hutun sallah ya isa. Mafi yawa sun fi son lokacin kaka, yaro ya ga ana yankan gero, ana ɗaure dammuna ana kaiwa rumbu, da dare kuma ya shiga langa a dandali. Ni ma nan na karkata, don ranar sallah kowa baƙo ne a garin.

An kuma yi gargaɗi kada a yi wa ƙauye kwalliya. In an ba da labarin tashe da wasan farin wata, a haɗa da kurkunu, da doguwar tafiyar ɗiban ruwa, da yaran da ƙyanda ta ɗauke kafin zuwan rigakafi.