Motsa jiki na 'yan mintuna yana da amfani kuwa?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Aiki da yara sun cinye min lokaci, ga shi likita ya ce sukarina ya fara hawa. Wai da gaske motsa jiki mai tsanani na minti 10 zai yi min amfani?

Mai Keke: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Zai yi sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 na mai tsanani. Idan tsoka ta yi aiki tuƙuru, tana zuƙe sukari daga jini, zuciya ma ta ƙara ƙarfi. Ni matakalar bene nake hawa da sauri, in huta, in sake. Idan haki ya hana ki haɗa magana, to kin kai inda ake so.

Malamin Makaranta: Akwai tsarin Tabata na Japan, na 1996: daƙiƙa 20 aiki, 10 hutu, sau 8. Amma fa a kan matasa masu wasanni aka gwada shi, kada ki fara da wannan.

'Yar Nas: Yaya, don Allah a fara auna miki hawan jini. Ki ɗumama jiki tukuna, kuma in kin ji ciwon ƙirji ko jiri, ki tsaya nan take.